Sallama Uku a Bakin Garka

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da Ingilishi a wata koleji ta Ƙonni, kuma har yau aikin bai daina ba ni dariya ba. Yaro ya tashi da Hausa a gida, an kai shi lakwal, wato makarantar boko, an ɗora masa Faransanci, sai ga ni na shigo da harshe na uku ina neman inda zan ajiye shi. Ƙa'ida ta ce in kalma ta gagara in bayyana ta da Faransanci. Ni kuwa in na ga an zuba mini ido babu mai motsi, sai in tura ƙofar aji in faɗe ta da Hausa, kowa ya huta.

Wata Laraba cikin watan Fabrairu muna karanta wani guntun labari da 'yan ajin ƙarshe. Labarin wani mutum ne da ya zauna a tasha yana karatu har motarsa ta tashi ta bar shi. A ciki akwai kalma guda da ke faɗin abin da littafin ya yi wa mutumin. Ba zan rubuta ta a nan ba, don ko na rubuta ba za ta ƙare ku da komai ba. Na ba su ta Faransanci, suka yi shiru. Na tura ƙofa na ce musu, shagala. Littafin ya shagaltar da shi.

Suka duƙa suna rubutawa. Sai wata ɗaliba daga layin baya ta ɗaga hannu.

"Madan, ke nan laihi ya yi?"

Tambayar ta tsayar da ni, domin gaskiyarta. A wurinmu shagala ba yabo ba ce. Ita malamai ke ja mana kunne a kanta, ita ke sa tuwo ya ƙone, ita ke sa a bar akuya ta shiga gonar mutane. Ita kuwa waccan kalmar babu zargi a cikinta. Na gwada ɗauke hankali, na ji shi ma bai zauna ba, don ya fi kama da abin da ɓarawon kasuwa ke yi maka kafin ya sa hannu a aljihunka. Sai na tuna abin da aka taɓa koya mana, cewa asalin kalmar daga bakin 'yan kasuwa ta fito, daga maganar sayen kaya a sari. Wannan ko ɗan Ƙonni ba sai an yi masa dogon bayani ba. Na ce su tuna ɗan sarin da ke zuwa garkar albasa ya ce duka yake so, ba ya barin ko ƙwaya ɗaya. To haka wani abu ke sare hankalin mutum gaba ɗaya, da ido da kunne, har ba abin da ya rage wa mai wucewa.

Suka ɗan gyaɗa kai, amma na san ɗalibaina, sai da misali. Na buɗe baki, misalin da ya fito kuwa ba shi na shirya ba. Yayana ne. Kuma a ranar shekara biyu ke nan cif ba ma magana da shi.

Dole in koma baya kaɗan.

Mu biyu ne wurin Inna. Ƙauyenmu yana cikin kwarin Badagishiri, inda ake noman gero da damina, da rani kuma kowa ya gangara garka. Yaya ya girme ni da shekara bakwai. Shi bai yi nisa a lakwal ba, ya ce zaman benci na sa masa ciwon baya, ya koma wajen Baba a garka. Lokacin da injinan ban ruwa suka fara yawa a kwarin, sai aka gano Allah ya ba shi kunnen inji. Ba wanda ya koya masa. In aka kira shi wurin injin da ke tari ko ya ƙi jan ruwa, ba ya saurin kwance komai. Sai ya sa a tayar da shi, ya tsuguna, ya ɗauko dogon turnabis ɗinsa, wato ƙarfen kwance kusa, ya dafa bakinsa a jikin injin, ya kafa kunne a ƙotar. Daga nan kuma sai Allah. Yana matsar da ƙarfen nan kaɗan-kaɗan, daga wannan gefe zuwa wancan, idonsa a buɗe amma ba ya ganin kowa. Na taɓa ganin ƙuda ya sauka a leɓensa ya gama abin da zai yi ya tashi, Yaya bai sani ba.

A ko'ina wannan hali ne kawai. A gidanmu kuwa abin faɗa ne, saboda Inna ba ta wasa da gaisuwa. Mace ce da za ta tsayar da kai a rana ta tambayi kwana, da gajiya, da gida, da yara, da dabbobi, ta dawo ta sake tambayar gajiya. Wanda aka yi wa sallama bai amsa ba, a ganinta ko dai mai girman kai ne ko mai gaba, babu na uku. Ita ta koya mana cewa sallama uku ce: ka yi ta farko, ka yi ta biyu, ka yi ta uku, in ba a amsa ba ka juya da mutuncinka. Sau nawa ta aike ni kai wa Yaya fura a garka na dawo ina ƙorafi cewa ya ƙi kula ni. Sai ta yi tsaki ta ce wannan ɗa zai ja mata magana a gari. Amma ban taɓa jin ta tsawata masa da gaske ba, kuma a lokacin ban tambayi kaina dalili ba.

Ni aka bari na yi karatu. Na yi Tawa, na yi Yamai, na dawo aka turo ni Ƙonni. Yaya ya laƙaba mini Madan tun kafin in riƙe alli, kuma ko a gaban baƙi haka yake kirana. Baba ya rasu ina Yamai. Inna ta ci gaba da zama wurin Yaya da matarsa, ni kuma ina zuwa duk ƙarshen wata da 'yar tsaraba.

Shekarar da abin ya faru, ƙarshen watan Yuni, aka sa ni cikin masu gyaran takardun jarrabawa. Zan faɗi gaskiya, ina son wannan aikin. Abokan aikina suna ƙorafinsa, ni kuwa in aka ajiye mini tulin takardu da jan biro, duniya ta yi mini daidai. Kowace takarda mutum ce. Kana ganin inda yaro ya rikice, da inda ya tuna, da inda ya yi ƙoƙarin yi maka wayo. Ran nan na sa wayata shiru na jefa ta jaka tun safe. Da rana abokai suka fita cin abinci, na ce su je ina zuwa. Na tashi na yi azahar na dawo kujerata, ban ko taɓa jakar ba. Sai bayan la'asar na buɗe ta don neman kuɗin kabu-kabu.

Kira bakwai na gani, duka daga Yaya. Na farko da ƙarfe goma na safe. Na ƙarshe kafin azahar kaɗan.

Inna ta tashi da ciwon ƙirji da hantsi, ta cika da azahar. Tsakanina da ita tafiyar awa biyu ce a mota. Da na ɗaga kira na farko, da na same ta da rai, da na riƙe hannunta. Na isa da magariba, an riga an yi mata wanka, an kai ta, maza sun dawo. Ko fuskarta ban gani ba. Wannan abu har gobe yana ci mini rai, kuma ba na jin zai daina.

Kwana bakwai na yi a gidan. Yaya yana waje wurin maza, ina ciki wurin mata. In ya shigo sai in sami abin yi a bayan ɗaki. Bai ce mini komai a kan wayar ba, ni kuma shirun nasa ya fi mini zagi ciwo. Na riga na yanke wa kaina hukunci, na kuma ɗauka shi ma ya yanke. Ranar bakwai na yi wa matarsa sallama na shiga mota.

Wata bakwai ban koma ba. Muna gaisawa ta waya, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau. Da rani ya kama, na ce wa kaina wannan ba zama ba ne, gara in je in durƙusa in ba shi haƙuri, ya faɗa mini duk abin da ke ransa mu wuce wurin. Na tafi ran wata Asabar. Ban shiga gida ba, don na san da safe garka zan same shi, kuma ina so in yi maganar kafin ƙarfin halina ya ƙare.

Na same shi a garkar wani dattijo, abokin Baba. Albasa ta fara kwanciya don ƙishi, injin yana ta kakari ba ya kawo ruwa, maza uku suna tsaye cirko-cirko. Yaya yana tsugune, kunne a ƙotar turnabis, fuskarsa tana kallon hanyar da na fito. Na tsaya a bakin shinge na yi sallama. Mazan suka amsa. Shi bai amsa ba. Na matsa na sake yi, na ƙara da, "Yaya, ina kwana?" Idonsa yana kaina, wallahi a kaina yake, kamar yadda nake kallon takardar nan. Bai motsa ba. Na yi ta uku da muryar da nake tsawata wa aji. Sai ya ɗan matsar da ƙarfen zuwa gefe, ya runtse ido.

Na juya.

Dattijon ya biyo ni har bakin hanya yana cewa, "Ɗiyata, tsaya mana. Bai ji ki ba. Ke da kinka san halinai?" Na ce masa ya ji ni sarai, Baba, na gode. Na hau mashin zuwa tasha, ko ruwan garinmu ban sha ba.

Ga abin da ya fi ba ni kunya in na tuna. Na san halinsa. Tun ina kai masa fura na san shi. Da wata mata ce ta zo ta ba ni wannan labari a kan yayana, da na yi mata dariya na ce ta koma ta jira injin ya tashi. Amma ni na zo da kira bakwai a cikin kaina, ban ga makaniki yana sauraren inji ba, na ga mutum yana rama abin da aka yi masa. Na ce ashe haka ne. Na bar shi yana kira ban amsa ba, shi ne ya bar ni ina sallama a gaban mutane. Har na ji wani irin sauƙi a cikin fushin, don fushi ya fi laifi daɗin ɗauka.

Da yamma ya kira ni. Ina kallon wayar har ta tsinke. Washegari ya sake kira, na sake ƙyale shi. Bai ƙara ba, don shi ma ɗan Inna ne, yana da nasa taurin kan. Daga nan sai gaba ta zauna. Da Salla matarsa ce ke kira, mu gaisa, ta ce yana gaishe ni, in ce ina amsawa, dukanmu mun san ƙarya muke. Na san addini bai ba ni fiye da kwana uku ba. Na yi shekara biyu, kuma kullum ina da hujjar da nake ba kaina: ni na je, ni na yi sallama, ni aka wulaƙanta.

To ga ni ran Larabar nan a gaban ɗalibai, ina neman misalin kalmar Ingilishi. Na ji kaina ina ce musu su ɗauka ga wani makaniki a garka, ya dafa ƙarfe a jikin inji ya kafa kunne. Har na tsuguna na kwatanta musu da biro a jikin tebur, suka fashe da dariya, don da yawansu 'ya'yan masu garka ne, sun san irinsa. Na ce injin nan ya sare hankalinsa duka. Na ce, "Wannan mutumin, ko uwarsa ta zo ta yi masa sallama ba zai ji ba. Ba raini ba ne, ba gaba ba ce. Ba ya nan ne kawai."

Ɗalibar nan ta layin baya ta ce, "To Madan, ashe ba laihi ba ne."

Na miƙe tsaye. Na ce su kwafi abin da ke allo, na je na tsaya bakin taga na ba su baya. Shekara biyu mutane suna faɗa mini wannan magana, dattijon ya faɗa, matar Yaya ta faɗa, mijina ya faɗa har ya gaji, ban ji ba. Sai da na faɗe ta da bakina, a kan mutumin da na ce misali ne kawai.

Ba zan ce na gane komai a wannan rana ba. Har yanzu ina jin akwai inda irin wannan nutsuwa take zama laifi, in ba haka ba da ban rasa ganin Inna ba. Abin da ke sa Yaya ya ji ciwon inji ta cikin ƙarfe, shi ne ke sa bai ji ƙanwarsa ba. Abin da ke sa in ga wayon yaro a cikin takarda, shi ne ya hana ni taɓa jaka. Ban san yadda ake karɓar rabin halin a mayar da rabi ba. Abin da dai na gane shi ne na yi wa yayana hukuncin da nake tsoron a yi mini.

Ran Asabar na shiga mota. Muka yi ta bin bayan manyan motocin siminti na Malbaza har muka rabu da su, ina ta shirya maganar da zan yi ina rushewa. Wannan karon na fara shiga gida. Matarsa ta gan ni ta saki muciya, ta rungume ni tana kuka tana dariya. Na sha ruwa. Ta ce yana garkarmu, tun safe yake fama da injinsa.

Haka na same shi, kamar ban taɓa tafiya ba. Tsugune, kunne a ƙota, shi kaɗai. Ya yi furfura a gemu wadda ban san da ita ba. Na yi sallama sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Bai amsa ba. Sai na gyara zanena na zauna a kan kunyar fangali, 'yan taku kaɗan daga inda yake.

Ban taɓa zama na kalle shi yana aiki ba, kullum jira nake ya gama ya kula ni. Ran nan na kalla. Leɓensa yana motsi kaɗan kamar mai bin karatu. Ya daɗe a wuri ɗaya, ya matsa, ya dawo wurin. Can sai ya kashe injin, ya kwance wani ɗan murfi, ya zaro wani abu ƙarami ya busa, ya goge da bakin rigarsa, ya mayar. Ya ja igiya. Injin ya tashi da wata murya dabam, ko ni na ji bambancin. Tiyo ya kumbura, ruwa ya fito ya bi hanyarsa zuwa fangalin farko. Inuwar da na zauna a cikinta ta riga ta gudu ta bar ni a rana.

Sai ya ɗago kai ya gan ni.

Ya daɗe yana kallona, wannan karon da gaske. Ya ajiye turnabis ɗin.

"Wa alaikis salam, Madan," ya ce. "Wagga amsar sallamarki ta waccan shekara ce. Saura biyu."

Na so in yi dariya, kuka ya riga ta. Duk maganar da na shirya a mota ta watse. Na ce, "Yaya, ranar da ka yi ta kirana..." Na kasa ƙarasawa.

Ya zo ya zauna kusa da ni, yana goge hannu da tsumma.

"Shi ne abin da nika son in hwaɗa miki," ya ce. "Kwana bakwai ina bin ki cikin gida, in na shigo ki tashi. Na ce bari zuciyarki ta huce. Da kinka zo garka kinka juya, na kira ki sau biyu, kinka ƙi ɗauka, ni ma sai zuciya ta ɗebe ni. Wanga laihina ne. Saƙon Inna ne, ba na aike ba ne, shi ya sa ban ba kowa ba."

Na ce wane saƙo.

"Ni ban bar kiranki don na gaji ba. Ita ta hana ni. Ina ta dannawa tana kallona, sai ta ce, 'Ƙyale ta, aiki takai. Ku biyun ga halinku guda, in kunka sa kai ga abu ba ku jin kowa. Haka ubanku yake, shekara talatin ina yi mai sallama.' Har ta yi murmushi. Ta ce, 'In ta zo ka ce mata ban yi hushi ba.'"

Ruwa ya cika fangalin farko yana neman tsallakewa, Yaya ya tashi ya ɗauki fartanya ya toshe bakinsa, ya buɗe na biyu. Na cire takalmana na bi shi, na riƙe masa tiyo.